Ranar da Baba Ya Yi wa Motar Lantarki Juye

A gidanmu akwai doka guda da ba a takawa: duk wanda ya sayi mota, kafin ya kai ta ko'ina sai ya kai wa Baba gareji ya saurare ta. Shekara talatin da bakwai Baba yana kanikanci, kuma da kunne ya yi suna. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido, can sai ya ce, "Filogi na uku." In an kwance injin, sai a tarar haka ne.

Ni kuwa auta, da neman magana, sai na sayo motar lantarki.

Sati biyu ina ɓoye ta a wurin aiki. Na riga na san abin da ke cikinta: batir shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru kamar katifa, da ƙaramar na'ura tsakanin tayoyin baya tana juya su, shi ke nan. Ba filogi, ba kafireto, ba baƙin mai. Ko birki ka taka, wuta ce ke komawa batir. Wato duk abin da kunnen Baba ya sani, babu shi a ciki. Amma Mama ta rantse in na ƙara kwana ban kai ba, ita da kanta za ta tona ni.

Na shiga garejin ba wanda ya ji zuwana, har sai da na tsaya a bayan mai faci. Ya yi tsalle ya watsar da shayinsa.

"Subhanallahi! Turo ta aka yi?"

Kafin ka ce kwabo an taru: mai faci, mai walda, mai fenti, da masu jiran gyara. Baba ya fito yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a.

"Tashe ta, Auta."

"A tashe take, Baba."

Kowa ya kasa kunne, ba ko ƙarar inji. Mai walda ya zagaya baya, ya durƙusa ya leƙa. "Oga, ba ta da salansa fa. To ta ina take huce haushinta? Bari in liƙa mata ɗaya, ko ba hayaƙi a dai san mota ce ta wuce."

"Wace mota?" in ji mai faci. "Waya ce aka sa wa taya. Ki riƙa yawo da caja, 'yata, kar ta mutu ana cikin magana."

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗaga banet. Akwatin roba ne kawai a wurin, da wayar caji a nannaɗe, da takalmana na canji. Duk da haka ya ɗora sukundirebarsa a kan akwatin, ya kafa kunne, ya lumshe ido. Kowa ya zuba ido yana jiran hukunci. Ina kallon gumi yana gangarowa ta ƙeyarsa. Ban taɓa tsanar abin da na mallaka ba kamar yadda na tsani motar nan a lokacin.

Sai idonsa ya faɗa kan wani shuɗin murfi a gefe, shi kaɗai ne abin buɗewa a wurin.

"Yauwa," ya ce. "Sun turo ta ba mai. Haka suke yi yanzu, sai ta buga su ce a sayi wata. A ba ni galan da mazurari."

Tankin ruwan wanke gilashi ne. Na buɗe baki zan faɗa, na ga idanun mutum goma a kan mahaifina, na mayar da bakina na rufe. Ya ɗura baƙin mai har wuya, ya murɗa murfin, ya buga banet.

"Allahu akbar," in ji mai walda. "Ka ji har sautinta ya canza."

"Ai ni tun ɗazu na ji tana ƙugi," in ji mai fenti, wanda ko kusa da ita bai zo ba.

Na durƙusa na yi wa Baba godiya, na ja abata. A hanya tsuntsu ya yi min aika-aika a tsakiyar gilashi, hannuna ya kai ga abin fesa ruwa, na janye shi da sauri. Haka na ƙarasa wurin aiki ina leƙe ta gefe. Ina tsayawa wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Auta, kin isa? Yaya take tafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Har ta fi da."

"Allah ya shirye ki. Ƙarya ba ta karɓe ki ba."

Ina jin bugun guduma a bayansa, sai sautin ya yi nisa, alamar ya koma gefe. Ya rage murya.

"Kada ki taɓa abin wanke gilashin nan. Na ga zanen gilashi a murfin tun kafin in buɗe. Gobe ki kawo ta gida, ban ce gareji ba, in wanke miki tankin."

"To, Baba."

"Sannan ki zauna ki nuna min inda take ciwo." Sai ya ƙara da cewa, "In ma tana yi."