Kwalta a Tsakar Gida

"Ka kwashe abinka yau, Baban yara! Yau, ba gobe ba!"

Matar direban rola, motar danne titi, ce ke faɗa, tana nuna ƙasa da ludayi. Mijin kuwa na zaune kan bokiti yana kwance igiyar takalmi, wai shi mai haƙuri.

Ga yadda abin ya faro. A wurin aikinsu akan kankare tsohuwar kwalta, a niƙa ta kamar tsakuwa, a shimfiɗa ƙarƙashin sabon titi. Da aka samu ragowa, sai gogan naku ya lallaɓa aka juye masa tifa guda, ya baje a tsakar gida, ya daddaɓe. Rana ta gasa ta, ta kama jikinta ta koma dutse. Maƙwabta har leƙe suke zuwa. Sai dai garin gwaninta ya binne bakin magudanar ruwa, tsakar gidan kuma ta fi ɗakin tsohuwarsa tudu. Tsohuwar nan ƙafafunta sun mutu, a ƙasa take kwana kan katifa.

"Ke me kika sani game da titi? Tireloli ke bi ta kan irin wannan."

"Inna tirela ce?"

Ita dai matar ta san abin da ta gani. Da safe ta zubar da ruwan wanki, ƙasa ta ƙi sha. Ruwan ya miƙe sululu kamar maciji, ya shige ƙarƙashin ƙofar Inna. Ta sa fartanya ta sara, bakin fartanyar ya lanƙwashe. Yanzu ga gabas ta yi baƙi ƙirin, tururuwa na hawa bango ɗauke da ƙwai.

"Je ka aro injin fasawa."

"In ce wa shugaban aiki me? Na kwaso kayan kamfani?"

"To kama mu kai ta ɗakinmu."

Daga ciki muryar tsohuwa ta fito, siririya: "Ba inda za ni. Nan ubanku ya bar ni."

Iska ta tsaya cak. Ɗigo ɗaya ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwal. Wani ya biyo.

"Hadarin iska ne, zai watse," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

"Dubi sama ka sake faɗa."

Ya duba. Bai sake faɗa ba. Ya zura takalmi ba ɗauri, ya fice aro injin fasawa, ya buga ƙofar gida garam.