Ɓerayen da Suka Ƙi Zama Maza

Ni fa da farko haushin ɓerayen nan na ɗakin gwaji nake ji, wallahi. Digirina kacokan a kansu ya rataya. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu 'yan guntayen saƙonni da ake kira RNA. Irin waɗanda nake bincike a kansu ba sa gina komai a jiki, aikinsu kawai su tsawata wa wasu ƙwayoyin gado su yi shiru. Su ne na cire wa ɓerayena don in ga yadda mazan za su girma ba tare da su ba.

To ina mazan? Duk haihuwar da aka yi, in ɗaga jela in duba, mace. In ɗaga wata, mace. Farfesan da ke duba aikina ya ce in zangon karatu ya ƙare babu namiji, sai dai in watsar da aikin in faro wani. Ni da na bar wa Inna 'yata tana mini reno!

Ina cikin share kejinsu ina masifa, sai ga abokin aikina da muke kira Gardama, mutumin da ko gaisuwa sai ya musa.

"Wa ya ce miki mata ne?"

"Idona! Ko kai za ka koya mini duba gindin ɓera?"

"Ido ai waje yake gani. Ba ni 'yar tsokar kunnensu in gwada."

Na ba shi don dai ya rabu da ni. Da rana ya dawo ya juyo mini fuskar kwamfuta. Kusan rabinsu suna ɗauke da Y, alamar namiji a ƙwayar gado. Maza ne, amma da babu saƙonnin nan, jikinsu ya ƙi bin hanyar maza ya bi ta mata. Ashe abin da nake kira asara shi ne amsar. Sai da na nemi kujera na zauna, hawaye na zuba.

Da Farfesa ya ga sakamakon, ya cire tabarau ya ce, "Babu mai taɓa ɓerayen nan."

Na sami Gardama yana wanke kwalabe. Na ce, "Ɗan'uwa, na gode. Ka ceci aikina."

"Godiyar me? Ni fa ban yarda ba tukuna, sai kin maimaita gwajin."

Na share ido na ce, "Allah ya ƙara maka gardama."