Ranar da Usaini Ya Kai Inna Harami

A garin nan namu da ruwan famfo ke ƙona hannu, yayana Usaini kaɗai na sani wanda ya ci abinci a kan ƙanƙara. Kawunmu ne ya tafi da shi Kanada yana ƙarami. Can ya koyi hoki, wasan da ƙarti ke ɗaura takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa, suna bin wata 'yar baƙar roba da sanduna. Shi ɗan baya ne. Aikinsa ya tare duk wanda ya nufo mai tsaron raga, ya manna shi da bango, anjima shi ma a manna shi. Shekara da shekaru ana biyansa albashi ana buga masa kai, wai sana'a.

Bara aka dawo mana da shi unguwarmu Utaibiyya, nan garin Harami, ƙato kamar ƙofar gari, babu haƙoran gaba, kai kuma ya zama rariya. Sai ya ɗora shayi ya manta. Sai ya idar da salla ya tambaye ni ko an kira. Likita ya ce abin gaba zai riƙa yi. Wallahi na tsani wasan nan, na tsani duk wanda ya taɓa tafa masa.

Abu ɗaya yake roƙona: in bar shi ya tura Inna, mahaifiyarmu, a kekenta na marasa lafiya zuwa Harami, shi kaɗai.

"La, Yaya, mustahil, ba zai yiwu ba," na ce. "In ka ɓace da ita fa?"

"Halas, ya isa, Salwa," in ji Inna. "Ki bar shi. Da ransa da ƙarfinsa a ce ba zai iya kai uwarsa masallaci ba?"

Na bar su, amma na ja abayata na bi su daga nesa.

A bakin ƙofa suka ci karo da jama'a suna fitowa daga la'asar, ana ta turereniya. Sai na ga Usaini ya sha gaban keken, ya ware kafaɗu, ya ɗan durƙusa, yana ja da baya kaɗan-kaɗan, idonsa a ƙirjin duk mai tahowa. Bai bangaje kowa ba. Mutane dai suna zuwa kansa suna rabewa biyu, ko yatsan Inna ba a taka ba. Ashe haka yake a filinsu. Na yi murna, har na fara jin kunyar biyo su da na yi.

Da cunkoson ya lafa, ya juyo yana haki. Ya dubi tsohuwar da ke cikin keken, ya daɗe yana dubanta. Sai ya tsuguna cikin ladabi.

"Salamtik, sannu, ya Hajja. Ina mutanenki? Wa ya bar ki a nan?"

Na zabura zan ruga. Inna ta ɗaga mini hannu ko waiwayowa ba ta yi ba. Tun daga gida ta san ina biye.

"Ɗana ne ya kawo ni," ta ce masa.

"Yana ina?"

"Ya tafi, ya waladi." "Ɗana" ke nan ta kira shi da Larabci. "Tura ni ciki, Allah ya yi maka albarka."

Usaini ya miƙe ya kama keken, yana girgiza kai.

"Gaskiya bai kyauta miki ba," in ji shi.