Labule a Akurki

Kaji shida ne, duka 'yan mata, watansu biyar da 'yan kwanaki, kuma babu ko ɗaya da ta yarda ta yi ƙwai a inda aka tanadar mata. Akwatuna uku kafinta ya kafa musu a jikin bangon akurki, ya shafe su da farin fenti ciki da waje. Su kuwa sai suka zaɓi wani lungu a bayan tankin ruwa, inda mutum ba ya kaiwa sai ya taka bulo, ya rusuna, ya miƙa hannu har kafaɗa.

A nan Sista ta faɗi ranar Lahadi. Shekararta saba'in da huɗu, talatin da biyar daga ciki a ɗakin haihuwa ta yi su tana karɓar jarirai, shi ya sa unguwar ba ta san ta da wani suna ba. Bulon ya juya da ita, ta kare da hannun hagu. Ƙwai biyun da ta ɗauko ba su fashe ba, tsintsiyar hannun ce ta tsage.

Auta, 'yarta ta ƙarshe, mai aiki a ɗakin gwajin jini, ita ta dawo da ita daga asibiti da hannu a ɗaure. Sai da ta zaunar da ita ta sa mata matashi, sannan ta ce:

"Inna, kajin nan sun bar gidan nan. Na yi magana da mai kaji, Asabar zai zo da kejinsa."

"Kin yi magana. Da bakin wa?"

"Da nawa. Yau hannu ne, gobe ƙugu. Ke kin fi ni sanin yadda tsohuwa ke ƙarewa in ƙugu ya karye."

Ta sani ɗin kuwa, don haka ba ta yi musu ba. Amma tun da ta ajiye aiki, mijinta kuma ya rasu, babu wani mai rai da ke jiran ta buɗe ƙofa da safe sai waɗannan shidan.

"In kafin Asabar suka koma yi a akwati fa?"

"Wata guda suna ƙi, sai yanzu? Na toshe lungun da katako, suka koma kan tankin. Kin manta?"

"Tambaya na yi miki."

Auta ta yi ajiyar zuciya. "Duka shidan. Kuma kafin nan ƙafarki ba za ta taka bayan tankin ba."

"Na ji."

Ranar Litinin matar tela, maƙwabciyarta, ta shigo dubiya da shawara cike da baki.

"Yaya, ai abu ne mai sauƙi. Ki samu farin dutse ki sa a akwatin, za su zaci ƙwai ne. Sannan ki kulle su har rana ta take. In sun matsu, dole su yi a ciki."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani mana."

"Kowa ɗin nan na daɗe ina cigiyarsa. Shekara talatin da biyar ina gyara ɓarnarsa a ɗakin haihuwa, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Duk da haka ta gwada, domin ba ɗabi'arta ba ce ta ƙaryata abin da ba ta jarraba ba. Talata ta sa duwatsu uku, ta kulle akurkin. Kaji biyu suka yi nasu a ƙasa, sauran suka tattake su. Huɗu suka daure har rana ta take, tana buɗe ƙofa suka kwasa a guje sai bayan tanki, suna ture juna. Duwatsun ko kallo ba su samu ba.

Laraba ta jawo kujera da ƙafa zuwa inuwar baranda, ta zauna, ta ce yau babu abin da za ta yi sai kallo.

Ƙarfe bakwai Auta ta shigo kamar kullum kafin ta wuce aiki, da bokiti da safar hannu. Ta kwashe garin katakon da ke cikin akwatunan, ta wanke su da maganin da ake goge ƙasan asibiti da shi, ta zuba sabo, ta leƙa kowanne da fitilar wayarta. Rana na fitowa ta faɗa kai tsaye cikin farin fentin, har sai da Sista ta ƙanƙance ido daga inda take.

Bayan tafiyar Auta, wata jar kaza, wadda Sista ke kira Ja, mai gaba a komai, ta fara safa da marwa tana wani ƙaramin kuka a maƙogwaro. Ta hau bakin akwati, ta sa kai, ta waiwaya. Sauran biyar na tsaye suna kallon ta. Ta shiga, ta juya sau biyu, ba ta zauna ba, ta diro ta nufi tanki.

Sista ta san wannan tafiyar. Ta gan ta ga 'yan mata masu haihuwar fari fiye da yadda za ta iya ƙirgawa. A kwantar da yarinya ƙarƙashin babbar fitila, ɗalibai su kewaye ta, naƙuda ta tsaya cak. Ta ce za ta zaga, a can bayan ƙofa, a duhu, sai kan ɗa ya fito. Sau biyu aka rubuta wa Sista takardar gargaɗi saboda kashe fitila da korar 'yan kallo, kuma ba ta daina ba.

"Amma ni ma an yi sakarya," ta ce da kanta.

Ta kira matar tela ta kan katanga, ta ce ta zo mata da tsohon zane mai duhu da almakashi. Suka raba shi uku, kowanne aka tsaga tsakiyarsa kamar labulen ƙofa. Ba ta iya buga ƙusa da hannu ɗaya, sai suka shimfiɗa gefen kowanne a kan akwati suka danne da bulo. Sannan ta sa matar tela ta janyo da tsintsiya duk tarkacen da ke lungun tankin, busassun ganye da gashin kaji da wani yagaggen buhu, aka raba wa akwatunan.

"Yaya, wannan ƙazantar za ki zuba musu?"

"Ƙamshin ɗakinsu ne. Zuba."

Alhamis Auta ta tarar da uwarta zaune a ƙofar akurki, sanda a kan cinya.

"Ajiye bokitin nan."

"Inna, mene ne wannan? Tsumma? Ƙwarƙwata za su yi."

"In sun yi zan gani, idona bai karye ba. Daga yau ba mai wanke musu ɗaki da safe, ba mai haska su. Ke da zan haife ki, bayan ƙofa na tsuguna, likita na ta nemana."

"To ai ni ba kaza ba ce."

"Da ɗan dama-dama."

Auta ta yi dariya ba da son ranta ba, ta tafi da bokitinta. Amma ranar babu kazar da ta kusanci akwatin. Labulen na motsi da iska, suna miƙa wuya suna ja da baya. Sista ta ji kyarkyara sau biyar, duka daga bayan tanki. Kwana biyu suka rage. Ta daɗe tana duban labulen, sannan ta tashi ta naɗe ɓari ɗaya na kowanne ta cusa ƙarƙashin bulo, yadda mai shiga za ta ga ciki, ta ciki kuma ta samu kusurwar ɓuya.

Juma'a da hantsi wata baƙa, wadda ta fi kowa tsoro, ta leƙa, ta shiga, ba ta fito ba. Sista ko tari ta ƙi yi. Da baƙar ta fito tana shela, wata ta bi sawunta cikin akwatin nan dai, duk da biyu na nan babu kowa. A ranar ƙwai uku aka samu a akwati, biyu a lungu.

Asabar wajen ƙarfe goma Auta ta iso, mai kaji na biye da ita da keji a bayan babur.

"Sannu da jiki, Iya. An ce a zo a rage miki wahala."

"Kai ma sannu. Ka rage murya, akwai mai naƙuda."

Ya dubi Auta, Auta ta dubi sama. Sista ta buɗe kwanon da ke gefenta: ƙwai huɗu, ɗaya da ɗan jini a ɓawonsa.

"Duka daga akwati. Ta biyar tana ciki."

Auta ta nufi akurkin, sandar ta tare ta.

"Ba a shiga."

Suka tsaya su uku a rana. Mai kaji ya fara ba da labarin wata kazarsa, Sista ta harare shi, ya haɗiye sauran. Can sai labulen tsakiya ya motsa, kaza ta fito tana kyarkyara. Auta ta sa hannu ta ɗauko ƙwan, ta riƙe shi a tafinta.

"Da ɗuminsa," ta ce a hankali.

Ba ta rufe baki ba wata kyarkyarar ta tashi daga bayan tanki. Ja ta fito tana taku ɗai-ɗai, ƙura a bayanta.

Auta ta dubi kazar, ta dubi hannun uwarta.

"Shida muka ce, Inna." Muryarta ba ta da ƙarfi. "Amma in kin yi mini alkawari za ki bar nata a can ya ruɓe..."

"Ba zan yi miki alkawarin da zan karya ba. Na san halina. In na ji ta yi a can, kwana biyu zan daure, na uku zan je."

Ta ɗebo hatsi daga gwangwani, ta kira. Ja ce ta fara isowa, kamar kullum, ta ci a tafin hannunta. Sista ta bar ta ta cinye, sannan ta danne ta a jikin gwiwa, ta kamo ƙafafun da hannu ɗaya.

"Inna, ita ce fa wadda kika fi so."

"Ita ce kuma za ta mayar da sauran lungu kafin sati. Kai, karɓi. Ba ta yanka ba ce, kullum sai ta yi. Ka kai wa mai son ƙwai, wanda ƙashinsa ke da sauran ƙwari."

Mai kaji ya sa ta a keji. "Sauran fa, Anti?"

Auta ta girgiza kai. "Ka tafi da ita kaɗai."

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa, Sista ta sake sa hannu a gwangwani, ta auna na kaji biyar ta watsa musu.