Katifar Mis Adassa

"Riƙe min butar nan, Verona, hannun ya ƙi."

Na karɓa na zuba ruwan zafin a kan ganyen. Mis Adassa ta koma bakin gadonta ta zauna tana haki, kamar wadda ta hau tudu da kwandon doya a ka. Ban taɓa ganin ta bar wa wani butar nan ba. Ko ni da katangar langa-langa kaɗai ta raba mu, iyakata in tsaya a bakin ƙofa in yi kallo. 'Yata Kimoya tana tsakar ɗakin tana zagaye, tana kaɗa hannuwa, tana jiran kofinta.

Kimoya shekararta bakwai, ba ta magana, kuma ba ta barci. In na ce ba ta barci, kada ku ɗauka irin na yaran da ke ɗan rigima kafin su ɓingire. Sai ta kwana tana zagaye ɗaki, gari ya waye idonta tar. Ni kuwa soyayyen kifi da wainar rogo nake sayarwa a bakin titi a garinmu Black River, har na taɓa yin gyangyaɗi hannuna ya faɗa cikin mai, ga tabon nan. Babu abin da ban gwada ba. Maganin mura mai sa barci ƙara birkita ta ya yi. Ƙwayar melatonin da likita ta rubuta ta ɗan taimaka, takan sa ta kwanta da wuri, amma kafin zakara ya buɗe baki ta miƙe.

Wata safiya Mis Adassa ta leƙo ta saman katanga ta ce in riƙa kawo mata yarinyar, tunda dai ita ma mun hana ta runtsawa. Da yamma takan tsinko ɗanyen ganyen wiwi guda ɗaya daga wanda ta shuka a bayan ayaba, ta haɗa da ciyawar shayi da madarar gwangwani, yadda kakarta ta yi mata. Kimoya ta sha, ta hau gado, ta manne da bayan tsohuwar. Shi ke nan, sai safe.

Da na gaya wa likita, ba ta yi min faɗa ba, amma fuskarta ba ta saki ba. Ta ce binciken da aka yi kan wiwi da barcin yara kaɗan ne, yaran da aka gwada a kansu ba su taka kara sun karya ba, babu mai iya rantsuwa yana aiki, kuma ba a gama sanin abin da yake yi wa ƙwaƙwalwar da ke girma ba. Na ce na ji. A zuci na ce, ke dai kina kwana lafiya a gidanki. Tsoro ya shige ni, gaskiya, amma ban daina kai ta ba.

To ranar da hannun nan ya ƙi ɗaga buta, sai gabana ya faɗi. Na ajiye kunya gefe na roƙe ta ta nuna min yadda take haɗawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Tun ina numfashi kin fara rabon gado? Ganye ɗaya ne, ai kin gani da idonki. Ni kaina ban san ko shi ne ke sa ta barci ba."

Ba ta ƙara mako ba. Na shiga da sassafe in ɗauki Kimoya, na tarar da su kwance yadda suka saba, yarinyar ta zagaye ƙugunta da hannu ɗaya. Na taɓa goshin Mis Adassa na ji shi kamar tulun da ya kwana a waje. Ban yi ihu ba. Na jawo kujera na zauna, hawaye na zuba, ina kallon ƙirjin ɗaya yana ɗagawa na ɗayar kuwa shiru. Sai da rana ta hau kan bishiyar mangwaro Kimoya ta farka da kanta, sannan na fita na kira mutane.

Aka kafa rumfa a tsakar gida. Ɗanta Linval ya taso daga Kanada da baƙar kwat a cikin zafin nan. Kowace yamma mutane na taruwa, waƙoƙin coci, buga wasan domino, kifi da burodi, farar giya na zagayawa, sai an cika dare tara yadda al'adarmu take. A gidana na dafa shayin daidai yadda na gani. Kimoya ta shanye, ta kwana tana zagaye. Na ƙara ganye ya zama biyu, banza. Washegari da yamma ta fizge daga hannuna, ta ratsa masu domino, ta shige ɗakin mamaciyar ta hau gado. Ko shayin ba ta sha ba. Ta juya ta gefen da ta saba, ta miƙa hannu ta ɗora a inda babu kowa, barci ya ɗauke ta duk da hayaniyar.

Matan coci suka leƙa suka ja da baya suna salati irin nasu. Suka ce Mis Adassa na nan cikin ɗakin, ba ta tafi ba. Kowa jikinsa ya yi sanyi. Ni kuwa, Allah ya sani, daɗi na ji.

Sai dai kowa ya san abin da ake yi a dare na tara. A ɗaga katifar mamaci a jingina ta da bango, a sauya wa gado da kujeru wuri, don in kurwar ta shigo ta kasa gane ɗakinta ta kama hanyarta. Da la'asar ɗin ranar ina soya kifin baƙi, na kira Linval gefe. Na ce ya bar ɗakin yadda yake, ko na wata ɗaya ne. Ya ce shi bai yarda da waɗannan abubuwa ba, amma dangi ba za su ƙyale shi ba. Na ce to ai shi ke nan, tunda bai yarda ba me zai rage shi? Na tuna masa ni na goya shi yana majina, kada ya zo min da iyayin 'yan Kanada. Har da kuka na yi masa.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Mis Verona, duk ran Lahadi sai na kira Mama. Kin san abin da take ce min? Wai ba ta iya juyawa a gado, don kada 'yarki ta farka. Haka take kwana a gefe ɗaya, ido biyu, ƙafa ta mutu." Ya mayar da tabaransa. "Ki bar ta ta yi barci ita ma."

Kifin ya ƙone a cikin mai ina tsaye ina kallonsa. Ban taɓa tambayarta ba. Kullum da safe nakan ce yaya Kimoya ta kwana, ita kuwa ta ce lafiya lau.

Da asuba, bayan waƙar ƙarshe, na ɗauke Kimoya daga gadon na miƙa wa wata mata. Linval ya kama kusurwa ɗaya, ni na kama ɗayar. Katifar ta lotsa a wuri biyu, babba da ƙarami, kuma wajen babban ya tsaya can bakin gado, siriri, da ƙyar zai ɗauki mutum. Muka jingina ta da bango. Maza suka ja gadon zuwa ƙarƙashin taga, na ce sauka lafiya, Mis Adassa.

Da yamma ta yi, Kimoya ta nufi gidan kamar kullum, ina biye da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi gadon a ƙarƙashin taga, ta dubi katifar a tsaye. Ta daɗe. Sannan ta taka zuwa inda ƙafafun gadon suka bar tabo huɗu a siminti, ta kwanta a tsakaninsu ta gefen da ta saba, ta miƙa hannu. Idonta a buɗe yake. Na cire takalmi na kwanta a gabanta, na ba ta baya, ban motsa ba.