Kofin Urho

Ranar da ɗana Aatos ya fito daga ɗakinsa sanye da rigar fatar marigayi mawaƙi Urho, sai na ga kamar shi ne ya dawo. Har yadda yake karkatar da kai irin na mamacin ne.

"Mama, ya kika gan ni?"

"Tuɓe ta, kar ka ɗiga mata miya," na ce.

Shekara talatin ina bin ƙungiyar kiɗan Urho gari-gari, da waƙoƙinsu na raini yaron nan. Da giya ta cinye hantar Urho bara, na yi kuka kamar ubana aka binne. Sauran makaɗan suka ce ba za su ajiye jita ba, suka shiga neman mai murya irin tasa. Duk faɗin Finland ba su ga kowa ba sai ɗana.

Da farin ciki zan yi, in ba don kofin ba. Mu masoya muna da al'ada: in an zo waƙar ƙarshe, sai a ciko kofi da barasa daga can baya, a yi ta miƙo shi hannu-hannu bisa kawuna har dandamali, mawaƙi ya shanye a tsaye. Aatos kuwa bai daɗe da fitowa daga gidan gyaran mashaya ba. Kafin a kai shi can, ni na tsince shi kwance cikin ƙanƙara a bayan gidanmu, leɓɓansa sun yi shuɗi.

* * *

Na tari Jorma mai ganga, wanda ya zama babban makaɗan yanzu.

"Don Allah ku sanar a daina miƙo kofin nan."

"Haba Sinikka! Kina so tsofaffin mahaukatan nan su cinye mu ɗanyu? Ai ba kiɗa kaɗai ke kawo su ba. Kwantar da hankalinki, ruwa za mu zuba wa yaron."

"Daga cikin jama'a kofin ke tasowa, Jorma. Wa zai zuba ruwan?"

Ya kama juya sandunan gangarsa.

* * *

Da la'asar aka yi wasan, a bakin tafki. Na kafe a sahun gaba, ƙirjina manne da ƙarfen shinge. Aatos ya buɗe baki, filin ya ɗauka. Ga tsoho Pertti, abokin yawonmu, yana sharɓar hawaye a gefena. Ni kam ko baiti ɗaya ban ji ba, tsoro ya toshe min kunne, baya kawai nake waiwaye.

Aka shiga waƙar ƙarshe. Na hango kofin yana tafe bisa kawuna, yana tangal-tangal. Na yi ta ture mutane har ya faɗo hannuna, na kifar da shi a ciyawa.

"Ke, lafiyarki kuwa?" Pertti ya daka min tsawa. "Kofin Urho ne fa!"

"Ɗana ne, Pertti!"

"Yo kurɓi ɗaya zai kashe shi?"

Na juya. Wasu kofunan sun taso ta dama da hagu, inda hannuna ba zai kai ba. Jama'a na buga ƙafa har ƙasa na girgiza. "Urho! Urho! Urho!" Jorma ya ƙara wa gangar wuta.

Aatos ya durƙusa a bakin dandamali. Ya dube ni irin duban da yake min yana ƙarami in za a yi masa allura, sannan ya miƙa hannu wajen kofi. Duk filin nan ba wanda ya kira shi da sunansa sai ni, kuma bai ji ba.