Kumatun Salfo

Salfo ya jera atishawa har mai sayen harawar ya gaji da cewa sannu, ya buga babur ɗinsa ya tafi wajen na gaba.

Haka yake duk shekara. Da ciyawa ta yi fure sai hanci ya zama famfo, idanu su yi jajir kamar gauta. Malamar asibiti ta ce ba mura ba ce, jikinsa ne ba ya shiri da ƙurar ciyawa. Ta rubuta masa maganin fesawa a hanci mai ɗan karen tsada, ta ce ya riƙa wankewa da ruwan gishiri, kuma ya nisanci ciyawa. Ya yi godiya sosai. Ciyawar nan ita ke ciyar da gidansa a bakin kasuwar dabbobi ta Wagadugu.

Zerbo, mai tallan magani a keke, ɗan ƙabilar Samo ne, abokan wasan Mosi, ƙabilar su Salfo.

"Bawana, za ka kore mana raguna! Karɓi, ɗaya safe, ɗaya yamma."

"Yaushe Samo ya zama likita? Ku da burkutu kawai kuka iya?"

Amma ya karɓa. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, araha kamar gyaɗa.

* * *

Atishawa ta ɗauke cak. Kumatu suka fito, wuya ya ninku.

"Baban Awa," in ji matarsa Azeta tana murmushi, "ana ta cewa ka samu duniya."

Dangi suka fara zuwa daga ƙauye gaisuwa. Shi ma, Allah na tuba, ya sayi madubi.

A damina ta uku sai ƙishirwa ta ƙi ƙarewa, hazo ya sauka a idanunsa, har ya daina bambance harawar wake da ta gyaɗa. Likita ya juya fakitin ƙwayar a hannunsa, ya ce ita ce ta jawo masa ciwon suga da yanar ido, kuma a hankali za a janye ƙwayar, yanke ta lokaci guda ma haɗari ne.

* * *

Azeta ce ta riƙo hannunsa zuwa gindin keken Zerbo. Yau babu wanda ya kira wani bawa.

Zerbo ya ce, "Wallahi Salfo ban cuce ka ba. Ita masu kiwo ke ba raguna su yi ƙiba kafin Layya. Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi."

Iska ta kaɗo daga wajen dammunan ciyawa. Salfo ya yi atishawa.

Zerbo bai yi ƙarya ba. Raguna ba sa wuce ranar Sallah.